William Seymour: Ɗan bayin da ya yaɗa addu'a da baƙon harshe

Duk mazaunin Legas ko Ibadan ya taɓa jin maƙwabta Kiristoci suna addu'a da wani harshe, ba Turanci ba, ba Yarbanci ba. A wurinsu baiwar Ruhu Mai Tsarki ce. Wanda ya yaɗa abin shi ne William Seymour, ɗan 'yantattun bayi, haifaffen Amurka a 1870. Agana ta cinye masa ido ɗaya. Saboda baƙar fatarsa, daga bakin ƙofa yake ɗaukar darasin Baibul. A 1906 wani coci a Los Angeles ya garƙame masa ƙofa kan wannan wa'azi, sai ya koma wani tsohon gini a titin Azusa. Baƙaƙe da Turawa suka yi ta tururuwa, suna ibada tare. Ya rasu a 1922, lokacin jama'arsa sun watse, amma ga cocinan Fentikos nan yau ko'ina a kudu.