Frankie Manning: Gwanin Rawar Da Ya Yi Shekara 30 A Gidan Waya

'Yan uwa ɗalibai, wannan karon na ɗauko muku tarihin wani Ba'amurke baƙar fata, Frankie Manning. Abin da ya ja hankalina gare shi ba ƙwarewarsa ba ce, yadda ya fara ne.

An haife shi ranar 26 ga Mayu 1914 a Jacksonville, jihar Florida. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa ta koma da shi unguwar Harlem a birnin New York. A lokacin talakawan unguwar kan shirya shagali a ɗakunansu, a karɓi 'yan kuɗi a bakin ƙofa don a haɗa kuɗin haya. Mahaifiyar tasa mai son rawa ce, takan je da shi. Ita ce kuma ta taɓa gaya masa jikinsa ya cika tauri, ba zai taɓa iya rawa ba. Kai jama'a, uwa fa! Wani yaron da tuni ya haƙura. Shi kuwa sai ya riƙa sa faifai a gida yana gwadawa da tsintsiya ko kujera.

Da ya tasa, ya fara zuwa zauren rawa na Alhambra, daga nan Renaissance, kafin ya kai Savoy, babban zauren da aka buɗe a 1926. A can baƙi da farare ke rawa tare, a zamanin da wariyar launin fata ta yi katutu. Ba aji, ba malami. Ka tsaya gefe ka kalli manya, sannan ka shiga fili ka gwada.

Rawar Savoy, wato Lindy Hop, ita kanta gauraye ce ta Charleston da wasu raye-rayen baƙar fata. Mutum biyu su riƙe hannu, su ɗan rabu kowa ya ƙirƙiro nasa, su sake haɗuwa. A 1935, a wata gasa, Manning ya wulla abokiyar rawarsa Frieda Washington ta kan bayansa ta dira daidai da kiɗa. Daga nan tauraronsa ya haska, har ya fito a fim ɗin Hellzapoppin' na 1941.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya tafi soja. Bayan yaƙi ya kafa ƙungiyarsa, Congaroos, amma yayi ya wuce, kasuwa ta mutu. Ya kama aiki a gidan waya, ya yi shekara 30 yana harkar wasiƙu. Savoy ma an rufe ta a 1958.

A 1986, yana da shekara 72, wasu matasa biyu, Erin Stevens da Steven Mitchell, suka nemo shi suka roƙe shi ya koya musu. To fa, tsoho ya dawo fili! Ya samu kyautar Tony a 1989, ya yi aiki a fim ɗin Malcolm X na 1992, ya koyar a ƙasashe da dama har da Suwidin. Ya mutu ranar 27 ga Afrilu 2009, saura wata guda ya cika 95.

Daga tarukan masu rawar Lindy da bulus ne a Amurka aka samu rawar haɗaka ta yau, wadda ba ta da tsayayyen taku. Kowane kiɗa ya samu, a gauraya tango da bulus da duk abin da jiki ya iya. Sabon shiga ba hadda ake nema a wurinsa ba. Ya saurari kiɗa, ya lura da inda nauyin abokin rawarsa ya karkata, ya nemi izini cikin ladabi, in an ƙi ya haƙura. Manning ma haka ya riƙa nanata wa ɗalibansa, girmama abokin rawa shi ne kan gaba.

A ganina, darajarsa tana nan: an yanke masa hukunci tun yana yaro, bai karɓa ba. Mu ma nan akwai waɗanda aka ce musu ba su da kan lissafi ko hannun zane. Mai tsintsiyar nan dai yana da shekara 94 bai daina koyar da rawa ba.