Alois Alzheimer: Likitan da ya gano tushen rikicewar majinyaciyarsa a ƙwaƙwalwa

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yuni, 1864, a garin Marktbreit da ke yankin Bavaria na ƙasar Jamus. Ya kammala karatun likitanci a Würzburg, a 1888 kuma ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt. A can shi da shugabansa, Emil Sioli, suka rage ɗaure majinyata, suka fifita wankan ruwan ɗumi da zantawa da su.

A Nuwamban 1901, watanni bayan rasuwar matarsa, aka kawo asibitin wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51. Abin da mijinta, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya fara gani shi ne sauyin hali: kishi marar dalili da zargin yana neman wata maƙwabciya. Ba da jimawa ba mantuwa ta biyo baya. Ta shiga ɓoye kayan gida, tana zaton ana shirin kashe ta, wani lokaci ta yini tana kururuwa. Alzheimer ya riƙa zama da ita yana yi mata tambayoyi, yana rubuta amsoshinta kalma-kalma.

Ko bayan ya koma Munich aiki tare da Emil Kraepelin, bai daina bibiyar halinta ba. Da ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1906, aka aika masa da ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta motse, wani abu ya daskare tsakanin ƙwayoyinta, wasu zarurruka kuma sun cukurkuɗe a cikinsu. Nan ne tushen zargin da tsoron da suka addabe ta. Shi ya sa a yau, idan dattijuwa ta fara zargin surukarta da sata, ko dattijo ya dage sai ya tafi gida alhali yana cikin ɗakinsa, likitoci ke duba ƙwaƙwalwa kafin a ɗora wa hali laifi.

Ranar 3 ga Nuwamba, 1906, ya gabatar da bincikensa ga taron likitoci a Tübingen, amma ko mutum ɗaya bai yi masa tambaya ba. Sai a 1910 Kraepelin ya sa wa cutar sunansa.

A 1912 ya zama farfesa a Breslau, wato Wrocław ta Poland a yau. Rashin lafiya ta kama shi tun a hanyar zuwa, kuma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu ranar 19 ga Disamba, 1915, yana da shekara 51, aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.