Theodor Billroth, Likitan Da Ya Yanke Tumbin Mutum Kuma Ya Tashi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ranar Babbar Salla ya san tumbi da hanji. Amma a ce a farke cikin mutum mai rai, a yanke wani sashe na tumbinsa, a ɗinke, har ya tashi ya ci abinci, wannan kam a da ko likitocin Turai ganganci suke ɗaukarsa. Mutumin da ya fara yin haka aka dace, shi ne zan ba ku tarihinsa.

An haifi Theodor Billroth a 1829, a tsibirin Rugen da ke arewacin Jamus. Ubansa limamin coci ne, ya rasu ya bar shi yana ɗan shekara 5. A makaranta bai yi fice ba, hankalinsa duk yana kan kiɗan piyano, sai da uwarsa ta matsa sannan ya karanta likitanci. Ban faɗi wannan don malalatan ajinmu su sami hujja ba! Ya gama a Balin a 1852, ya zama shehun malamin tiyata a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1860, ya koma Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1867. Kiɗan kuwa bai bari ba, har ya ƙulla abota da mashahurin mai tsara kiɗan nan Johannes Brahms.

Tun a Zurik ya ɗauki wata ɗabi'a da ba kowane likita ke so ba. Duk wanda ya yi wa aiki sai ya rubuta shi, ya riƙa auna zafin jikinsa, ya bi sawunsa. Daga nan ya buga sakamakon duka, da waɗanda suka warke da waɗanda suka mutu a hannunsa. A ganina wannan ya fi wuƙarsa muhimmanci, domin ta haka ne wani likita zai san inda aka yi kuskure.

To, ga matsalar da ta dame shi. Sankara takan fito a ƙasan tumbi, daidai ƙofar da abinci ke bi ya shiga hanji. In ta toshe ƙofar, kome mutum ya ci sai ya amayar, ya yi ta ramewa har yunwa ta kashe shi. Billroth bai yi gaggawa ba. Almajiransa biyu, Gussenbauer da Winiwarter, suka gwada aikin a kan karnuka, suka buga bayaninsu a 1876. Suka nuna dabba na iya rayuwa bayan an rage mata tumbi, kuma ruwan tumbi mai narkar da abinci ba ya cinye ɗinkin. Suka kuma duba takardun gawawwakin da aka bincika a asibitin Biyana, suka ga da yawa sankarar ba ta yaɗu ba, toshewar ce ta kai su kushewa.

Wasu sun riga shi gwadawa a kan mutum: Pean a Faransa a 1879, da Rydygier, mutumin Polan, a 1880. Duka majinyatan biyu ba su yi mako guda ba. Ran 29 ga Janairu 1881 Billroth ya yi wa wata mata mai shekara 43 aikin. Aka shaƙa mata maganin sa barci, cikin sa'a ɗaya da rabi ya yanke wurin da ya lalace, mai tsawon santimita 14, ya haɗa sauran tumbin da bakin hanji. Matar ta farfaɗo, ta fara da madara, har ta koma gida tana cin abinci. Bayan wata 4 ciwon ya dawo, ta rasu. Mutum biyun da ya yi wa aikin bayanta su ma suka mutu. Duk wannan ba a ɓoye ba, an buga shi. A 1885 ya fito da hanya ta biyu, inda ake toshe bakin hanjin, a haɗa tumbin da hanji can gaba kaɗan.

Ba a rasa shi da aibi ba. A wani littafinsa na 1876 ya ƙasƙantar da ɗalibai Yahudawa matalauta masu zuwa Biyana karatu, maganar da ta hura wutar ƙiyayya a jami'ar. A ƙarshen rayuwarsa ya shiga ƙungiyar da ke yaƙi da ƙin Yahudawa, amma ɓarnar ta riga ta auku.

Almajiransa sun bazu a jami'o'in Turai. Czerny ya yanke sankarar maƙoshin mutum a 1877, Mikulicz kuma ya ƙera abin leƙa cikin tumbi a 1881. Billroth ya rasu ran 6 ga Fabrairu 1894 a garin Abbazia, wanda yanzu ake kira Opatija a ƙasar Kuroshiya. Hanyoyin nan biyu har yau ana koyar da su, ana kiransu Billroth na ɗaya da Billroth na biyu. Guntun tumbin matar nan kuwa yana nan ajiye cikin kwalba a gidan tarihin likitanci na Josephinum a Biyana.