Taƙaitaccen Tarihin Likita Mila (1872–1952): Baƙon Da Ya Zama Mai Masauki

Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa ba zai rasa cin karo da sunan Walter Miller ba, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila. Galibi akan tuna da shi a kan fassarar Littafi Mai Tsarki, amma rayuwarsa tana da wani ɓangare da ya cancanci nazari, watau yadda mutumin da aka kora daga Kano ya wayi gari yana saukar da zuriyar waɗansu da su ma daga Kano aka tarwatsa kakanninsu.

Haihuwarsa da Zuwansa Ƙasar Hausa

An haifi Mila a Ingila a shekarar 1872, ya kuma yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Bayan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, sai aka tura shi Tarabulus domin ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai. A can ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Audu, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar hajji. Mila ya riƙe yaron, shi kuma yaron ya gyara masa harshe.

A shekarar 1900 ya biyo ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano. Sarkin Kano Alu bai yi maraba da su ba, domin sun shigo ba da izini ba, a lokacin da sojojin Turawa ke matsowa daga kudu. Ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Ta haka Mila ya fara ɗanɗana zaman wanda ba shi da masauki. Sai a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

Isawa da Garin Gimi

A tsakiyar ƙarni na 19 wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim ya riƙa wa'azi yana fifita matsayin Annabi Isa bisa fahimtarsa ta Alƙur'ani. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin fitina, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu, waɗansu suka fake a duwatsun Ningi, waɗansu kuma a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Shekaru da dama suka yi suna zaman ɗari-ɗari.

A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka iske Mila a Zariya, da yawansu kuma suka karɓi addinin Kirista. Lokacin kuwa ba na sauƙi ba ne, gama damina ta gaza a wannan shekara, yunwar da ake kira Kakalaba ta auka wa ƙasar Kano, musamman gundumomin arewa masu cunkoson gonaki, har manoma suka bar gidajensu suka nausa kudu neman hatsi. A cikin wannan hali ne aka nema wa Isawa fili a Gimi, da yardar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, suka sari daji suka kafa gari a 1914. Suka gina majami'a da makaranta, suna addu'a safe da maraice da harshen Hausa. Ga mutanen da suka gaji gudu, labarin yadda aka gudu da Isa yana jariri zuwa Masar, da yadda Ibrahim ya sauki baƙin da bai san ko su wane ne ba, kusan labarin gidansu ne.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Ƙudan tsando ya yi yawa a wurin, ciwon barci ya kashe jama'a masu yawa, kafin a cika shekara goma garin ya watse. Mila ya karɓi marayu da sauran waɗanda suka tsira a Zariya, ya sa yaran a makarantarsa. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa. Daga wannan 'yar jama'a ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East.

Ƙarshen Rayuwarsa

Mila bai so barin birni ba, don haka ya koma Kano, garin da aka taɓa korarsa, ya duƙufa a kan fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Ya ajiye aikin mishan a 1935, daga baya ya dawo Nijeriya, ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Kammalawa

Ba daidai ba ne a wanke Mila sarai. Aminin Lugga ne, ya goyi bayan boko a kan ajami, ya kuma soki sarakuna da Musulunci da zafin harshe, abin da ya ɓata wa masu masaukinsa rai. Karimcinsa ma ba ya rabuwa da burinsa na yaɗa addini. Duk da haka, sa'ad da Gimi ta zama kufai, bai juya wa mutanenta baya ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon ya yi kusan shekara 50 a ƙasar, kuma 'ya'yan da ya saukar a zaurensa sun girma sun yi wa Arewa hidima, Musulminta da Kiristanta.