Abbas ɗan Firnas, Malamin da Ya Ɗaura Fukafukai



Duk wanda ya taɓa raka alhaji filin jirgi na Tokoin ya ga yadda ƙarfe ke tashi da ɗaruruwan mutane. To, sama da shekara dubu da suka wuce wani malami Musulmi ya gwada tashi sama, ba inji ba mai, daga shi sai fukafukai. Sunansa Abbas ɗan Firnas.

An haife shi wajen shekarar 810 a yankin Ronda na Andalus, wato Sifen ta yau, ya zauna Ƙurɗuba a fadar sarakunan Banu Umayya. Mawaƙi ne, kuma masanin taurari. Da littafin Aruli na Halilu ɗan Ahmad ya iso Andalus ya gagari malamai, an ce shi ya warware musu shi. Mu da muke shan wuya wajen auna baiti ɗaya tak, mun san wannan ba wasa ba ne. Ya ƙera agogon ruwa, ya gano hanyar yin gilashi daga dutse, har ya shirya ɗaki a gidansa inda baƙo zai ga taurari da gajimare da walƙiya.

Labarin tashinsa Al-Maƙƙari ya kawo shi cikin Nafhuɗ Ɗibi, bayan kusan ƙarni bakwai. Ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya hau wuri mai tsayi ya saki jiki. Iska ta ɗauke shi ya yi nisa. Wajen sauka aka samu matsala: bai yi wa kansa bindi ba, alhali da bindi tsuntsu ke rage gudu in zai sauka. Ya faɗo, ya ji ciwo sosai a baya. Wani mawaƙin fada, Muminu ɗan Sa'idu, har da sa shi a waƙa.

Ni dai abin da ya fi burge ni, bai ɗaura wa bawa ko almajiri fukafukan nan ba, jikinsa ya sa. Yau ma matuƙin jirgi mara inji sai ya tashi shi kaɗai, ya ci jarrabawa, ya karɓi lasisi, kafin a yarda ya ɗauki fasinja.

Ya rasu a Ƙurɗuba a 887, daidai da 274 bayan Hijira. Akwai gada a garin mai sunansa, da wani rami a kan wata. Allah Ya jiƙansa.