Seydou Keïta

Seydou Keïta (an haife shi a Bamako a shekarar 1921 ko 1923, ya rasu a birnin Paris ranar 21 ga watan Nuwamba, 2001) mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Mali. Ya yi suna da hotunan baƙi da fari na mutanen Bamako waɗanda ya ɗauka tsakanin shekarar 1948 zuwa farkon shekarun 1960, ana kuma lissafa shi cikin manyan masu ɗaukar hoto na Afirka a ƙarni na 20.

Farkon rayuwa

An haife shi ne lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin mallaka, ana kiran ta Sudan ta Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, kuma wannan sana'a ya fara koya. A shekarar 1935 wani ɗan'uwan mahaifinsa ya dawo daga Senegal da kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Da ita ya soma ɗaukar 'yan gidansu da maƙwabta. Ya ƙara sanin aikin a wurin Pierre Garnier, Bafaranshe mai shagon kayan hoto a Bamako.

Sana'a

A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a unguwar Bamako-Koura, bayan babban gidan yari. Wurin ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa, don haka har matafiya sukan biyo a ɗauke su.

Keïta ya yi aiki da babbar kyamara mai cin fallen fim ɗaya a lokaci guda, mai girman santimita 13 da 18. Fim yana da tsada a wancan zamani, saboda haka sau ɗaya yakan ɗauki mutum. Idan hannu ya motsa ko ido ya ƙifta, an yi asarar fallen. Wannan ne ya sa yake daɗewa wajen gyara zaman mutum kafin ya ɗauka. Ya fi son hasken rana, yawancin hotunan a tsakar gida aka ɗauke su.

Shi da kansa yake wanke fim ɗin. A ɗaki mai duhu ake tsoma fallen cikin sinadarin da ke fito da hoton, sannan a sa shi cikin wani da ke hana haske ƙara taɓa shi, a ɗauraye da ruwa, a shanya. Da yake fallen babba ne, ba ya buƙatar na'urar ƙara girma: yana ɗora shi ne kai tsaye a kan takardar hoto, hoton ya fito daidai girman fim ɗin. Girman nan shi ya sa zanen atamfa, kitso da zobba suke fitowa dalla-dalla, kuma a nan ne kyawun aikinsa ya fi bayyana, musamman inda zanen tufafin mace ya haɗu da na labulen da ke bayanta. Labulensa na farko ma mayafin gadonsa ne.

Yakan ara wa abokan ciniki kwat, agogo, alƙalami, rediyo ko babur ƙirar Vespa, wasu kuma su tsaya jikin motarsa.

Bayan Mali ta samu 'yancin kai a 1960, ya zama mai ɗaukar hoto na gwamnati a 1962. Ba da jimawa ba ya rufe wurin nasa, ya yi ritaya a 1977.

Shahara a waje

A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka ba tare da sunansa ba. André Magnin, wanda ke tara ayyukan fasaha don Jean Pigozzi, ya bi diddigi har Bamako ya same shi, dubban fina-finan da ya wanke suna nan a adane. A 1994 gidauniyar Cartier ta yi masa baje koli a Paris.

Daga nan aka riƙa buga hotunan da girma ƙwarai, ana sayar da su da tsada, alhali masu su na asali ƙanana suka karɓa don ajiyewa a gida ko aika wa dangi. Bayan rasuwarsa an yi taƙaddama kan wanda ke da ikon mallakar fina-finan da sake buga su. A 2016 aka yi babban baje kolin ayyukansa a Grand Palais da ke Paris.