Tom Morris Tsoho: ɗan masaƙin da ya raya filin golf da yashi da haƙuri

Ranar 24 ga watan Mayu na 1908, wani dattijo mai farin gemu ya faɗo daga matakala a gidan wata ƙungiyar ƴan golf da ke garin St Andrews, a gaɓar tekun gabashin Sikotilan, kuma bai tashi ba. Yana da shekara 86. Sunansa Thomas Morris, amma duniya ta fi saninsa da Tom Morris Tsoho, don a bambanta shi da ɗansa mai suna iri ɗaya. Fiye da ƙarni guda bayan rasuwarsa, duk wanda ya ɗauki sanda ya yini yana bin ƙwallo a wani filin golf na bakin teku, a kan aikin hannun wannan mutum yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba.

A Nijar ana ɗaukar golf wasan masu hannu da shuni ne da ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Amma wanda ya fi kowa tsara shi ɗan talaka ne, wanda ya fara da dakon sandunan manya, kuma babban abin aikinsa shi ne abin da makiyayin Tirmini yake takawa kullum: yashi.

Ƙasar da manomi ya raina

Asalin filayen golf, waɗanda mutanen Sikotilan suke kira links, wani zirin ƙasa ne tsakanin teku da gonaki. Tuddan rairayi ne da iska ta tara, ga gajeriyar ciyawa mai jure gishiri, ga sarƙaƙiyar ƙaya. Ba ta yin noma, don haka aka bar wa tumaki da zomaye. Su suke aske ciyawar, kuma ana danganta ramukan yashi na farko da wuraren da dabbobi suke fakewa daga iska har ƙasa ta zaizaye. A irin wannan jigawa mutanen gari suka fara buga ƙwallo da sanda zuwa wani ɗan rami, wanda ya isa da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Wasan ya shiga ran mutane har a 1457 Sarki James na II ya haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda samari sun yi watsi da koyon harbin baka.

A St Andrews aka haifi Tom ranar 16 ga watan Yuni na 1821. Mahaifinsa masaƙi ne, kuma a zamanin injinan masaƙu sun fara kashe sana'ar saƙar hannu. Tun yana ƙarami yake ɗaukar wa attajirai sanduna don samun na abinci. Da ya zama ɗan saurayi sai aka kai shi koyon sana'a wajen Allan Robertson, wanda ba a da kamarsa a wasan a lokacin, kuma shi ke da babban shagon yin ƙwallo a garin.

Ƙwallon da ya raba yaro da maigidansa

Ƙwallon wancan zamani aikin dukanci ne. Ana ɗinka ƴar jakar fata, a dafa gashin tsuntsu kimanin cikin hula guda, a cusa shi da ƙarfin tsiya, a rufe. Idan ya bushe, fata ta tsuke, gashi ya kumbura, sai ƙwallon ya yi tauri. Gwanin ma'aikaci ba ya wuce uku ko huɗu a yini, kuma ruwa yana lalata shi. Tsadarsa ce ta sa golf ya koma hannun masu kuɗi.

A 1848 wani sabon ƙwallo ya bayyana, wanda ake yi da danƙon wata itaciya ta yankin Malaya. Ana jiƙa danƙon a ruwan zafi, a mulmula shi, shi ke nan. Ga araha, ga jure ruwa. Robertson ya ga abincinsa na shirin kuɓucewa, ya hana yaransa taɓa shi. Wata rana ya sami labarin Tom yana wasa da sabon ƙwallon, sai ya sallame shi daga shago. Tom yana da mata a lokacin, ba shi da wata sana'a sai wannan. Ya buɗe nasa ɗan shagon, yana yin sanduna da ƙwallon danƙo. Ba a daɗe ba Robertson da kansa ya koma yin irinsa, domin kasuwa ta riga ta yanke hukunci.

Saɓanin bai hana su haɗa kai a fili ba. A 1849 su biyun suka kara da tagwaye Willie da Jamie Dunn na Musselburgh a kan fam 400, kuɗin da ma'aikaci zai yi shekaru bai tara ba. A karawar ƙarshe a North Berwick, ana gabansu da rami huɗu, saura takwas a tashi, amma suka farfaɗo suka ci. Daga nan sunan Tom ya zagaye ƙasar.

Ɗamarar jar fata

A 1851 wani hafsan soja mai sha'awar wasan, James Ogilvie Fairlie, ya ɗauke shi zuwa Prestwick a gaɓar yamma, inda ya shata fili mai rami 12 a cikin tuddan rairayi. Bayan rasuwar Robertson a 1859, aka rasa wanda za a kira gwani na gwanaye. Don a raba gardama aka shirya gasa a Prestwick ranar 17 ga watan Oktoba na 1860. Mutum takwas suka shiga, suka zagaya filin sau uku a yini ɗaya. Willie Park na Musselburgh ya ci da bugu 174, Tom ya zo na biyu da 176. Wannan ita ce gasar Open, wadda ta fi kowace babbar gasar golf daɗewa.

Kamar yadda sarkin kokowar Nijar yake ɗaukar takobi, zakaran Open a wancan lokaci ɗamara yake ɗauka, ta jar fata mai ado da azurfa. Irin fatar nan ce Turawa suke kira ta Maroko, ko da yake kaso mai yawa na fatar da aka sayar a Turai da wannan suna daga majemun ƙasar Hausa ya fito, ayari yana ratsa hamada da ita, kuma Damagaram na cikin manyan zangunan hanyar Tarabulus.

Tom ya ɗauki ɗamarar sau huɗu: 1861, 1862, 1864 da 1867. A 1862 ya bar na biyu da tazarar bugu 13, tazarar da ba a taɓa wucewa ba a wannan gasa, kuma a sauran manyan gasanni sai a 2000 Tiger Woods ya zarce ta da 15 a Amurka. Nasararsa ta 1867 ta zo yana da shekara 46, har yanzu shi ne mafi tsufa da ya taɓa cin Open.

Shebur, baro da yashi

A 1864 ƙungiyar Royal and Ancient ta dawo da shi St Andrews a matsayin mai kula da fili, a kan fam 50 a shekara. Ya tarar da filin ya ƙuntace, ƙaya ta cinye gefuna, ciyawa ta ƙone saboda yawan taku, tun da ƙwallo mai araha da jirgin ƙasa sun kawo ɗimbin sababbin ƴan wasa. Ya sassare ƙayar, ya faɗaɗa hanyoyi, ya gina sababbin farfajiyoyi ga rami na farko da na 18. Babbar dabararsa ita ce watsa yashi mai laushi a kan ciyawa a kai a kai. Yashin yana cike ƙananan ramuka, yana tsane ruwa, yana sa ciyawa ta fito gajeriya mai kauri. Har gobe haka masu kula da filaye suke yi a ko'ina.

Wanda ya je yin wasan yini guda a tsohon filin a yau, rami 18 zai bi, adadin da aka tsayar a can tun 1764 kuma duniya ta ɗauka. Zai fara a gaban gidan ƙungiyar, ya tsallake da ƙwallonsa ɗan rafin Swilcan da ke kwance gaban ramin farko, ya nausa bakin gaɓa, sannan ya juyo ya nufo gari. Babu itatuwan da za su tare masa iskar teku, kuma iskar da ta tura masa ƙwallo da hantsi tana iya zama abokiyar gaba da la'asar. Ƙasa na da tauri, ƙwallo yana gangarawa inda ya ga dama, don haka gwanin links ƙasa-ƙasa yake bugu. Ramukan yashi 112 suna jiransa, wasu ba a ganinsu sai an zo kai, wasu sun fi tsayin mutum zurfi. A rami na 17 akwai titi da katangar dutse dab da bayan farfajiya, inda manyan gwanaye da yawa suka zubar da gasa. Bayan tafiyar awa huɗu zuwa biyar a ƙasa, zai haye tsohuwar gadar dutse ya ƙare a rami na 18, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Tom Morris, ga ginin tsohon shagonsa yana kallon wurin.

Ana gayyatarsa garuruwa don ya shata sababbin filaye, ladansa fam guda a yini da kuɗin hanya. Yakan zagaya tudu da safe, ya kafa turaku inda ya ga ƙasa ta riga ta tanadi wuri, ba ya yaƙi da ita. Yana da hannu a filaye da dama da ake ji da su har yau: Westward Ho! a Ingila, Dornoch, Machrihanish da Muirfield a Sikotilan, County Down da Lahinch a tsibirin Ayalan.

Wayar da ta iso North Berwick

Ɗansa Tommy, wanda aka haifa a 1851, ya fi shi iya wasa, kuma uban bai taɓa ɓoye hakan ba. Yana da shekara 17 ya ci Open a 1868, har yanzu babu wanda ya ci ta da ƙarancin shekaru kamarsa. Ya sake ci a 1869 da 1870, don haka bisa ƙa'ida ɗamarar ta zama mallakarsa. Saboda rashin abin da za a ba zakara, ba a yi gasa a 1871 ba. Da aka dawo a 1872, shi ya sake ci.

A watan Satumba na 1875, uba da ɗa suna North Berwick suna karawa da Willie Park da ƙanensa Mungo Park, wanda sunansa kawai ya zo ɗaya da na Baturen da ya bi kogin Kwara ya halaka a Busa. Ana cikin wasa sai wayar tangaraho ta iso: matar Tommy, Margaret, tana cikin mawuyacin hali wajen haihuwa. Aka ba su jirgin ruwa don su yanke hanya ta teku. Kafin su isa gida, uwa da jariri sun cika. Bayan wata uku da ƴan kwanaki, ranar 25 ga watan Disamba, aka tarar da Tommy ya rasu a kan gadonsa sakamakon zubar jini a huhu, yana da shekara 24. Matar Tom, Nancy, ta bi shi a shekarar da ta biyo. Kafin nasa ajalin ya zo, dattijon ya binne ƴaƴansa duka.

Bai bar aiki ba. Kullum yana fili da lofe a baki, yana sa ƴan wasa a layi, yana sasanta masu dako da iyayengijinsu. Ya ci gaba da shiga gasar Open har ya haura shekara 70. Lokacin da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojojin Faransa a Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899, Tom yana da shekara 78 kuma yana bakin aikinsa. Sai a 1903 ya sauka, bayan kusan shekara 40. A zamanin da ba a barin masu neman abinci da golf su zauna cikin manyan ƙungiya, shi ya jawo wa sana'ar mutunci, har ƙungiyar ta sa aka zana hotonsa aka rataya a zaurenta.

Abin da ya bari

Golf ya bar bakin teku ya shiga ko'ina, har Kano da Kaduna da Jos tun zamanin mulkin Ingilishi, har bayan garin Yamai inda ake buga shi a kan yashi. Filaye da yawa na zamani suna shan ruwa da taki fiye da kima don su yi kore shar, abin da yake jawo musu suka a ƙasashen da ruwan sha ma yake wuya. Irin filin da Tom ya raya ba haka yake ba: idan bazara ta yi tsanani yakan yi ruwan ƙasa, kuma ƴan wasa sun fi son sa a haka.

Ya tsaya kai da fata a kan kada a yi wasa a tsohon filin ranar Lahadi. Dattijon coci ne, amma hujjar da ya fi kafawa ita ce ƙasa tana bukatar hutu ko da mutane ba sa bukata, abin da duk manomin da ya taɓa barin gonarsa ta huta zai gane. Har yau, in ba ana babbar gasa ba, ranar Lahadi a rufe filin yake ga ƴan golf. Filin na jama'ar gari ne, don haka a ranar iyalai suke fitowa da ƴaƴansu su yi yawo a kansa. Kabarin Tom yana harabar rusasshiyar babbar majami'ar St Andrews, kusa da na Tommy, tafiyar ƴan mintoci daga rami na 18.